Wa ke ce maka «bari»?

Shekara 12 ina ɗinki a Damagaram. Bara, saura sati biyu Salla, wata Hajiya ta karɓe shaddarta ta ce: «Tela, duk abin da kake yi na riga na gan shi a waya.» Wallahi maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ce.

Daren nan na zauna ina bin tunanina kamar mai bin sawun akuya. Sai na gano: duk lokacin da sabon zane ya faɗo mini, irin na bangon gidajen Birni, kafin in ɗauki alli wata murya takan ce «bari, za a yi maka dariya». Sai in buɗe TikTok in kwaikwayi na wani. Ashe basirar tana nan, tsoro ne ke riga hannuna.

Yanzu in muryar ta zo nakan gane ta, in ce: to, shaddar mutane ce, mu gwada kan ƙyalle. Cikin goma, bakwai shara ne. Daga ukun da suka rage na yi wa Hajiya aikin wuya. Ba ta yaba ba, ta dai aiko ƙanwarta.

Kai fa, ka taɓa kama taka muryar?