Kare Da Kyanwa A Bakin Igiya

Tun da aiki ya kawo ni Ikko nake ganin wata al'ada wadda ban saba da ita a gida ba. Da maraice, a unguwannin masu hali irin su Ikoyi, sai ka ga mutum ya ɗaura wa karensa igiya a wuya sun fito shan iska. A wajenmu kuwa mafarauta ne ke jan kare, su ma sai za a shiga daji.

Yau da gobe na lura da halin dabbar nan. Kare dai tsatson kyarkeci ne, mai yawo a garke, saboda haka tafiya da ubangidansa ba baƙon abu ba ne gare shi. Amma hancinsa ke ja masa gora, kowane gindin bishiya sai ya tsaya ya sansana. In ka fizge shi baya, sai ya ƙara turjewa gaba. In ya haɗu da wani kare, igiya ta hana shi kewayawa ya sansana shi, ta kuma toshe masa hanyar gudu, sai haushi ya tashi.

Kyanwa fa? Wani maƙwabcina ya taɓa gwadawa da tasa. Ana ɗaura mata abin ƙirji sai ta sandare, ta faɗi a gefe guda kamar matacciya. Ita kaɗai take farauta, gidan da ta sani shi ne duniyarta, kuma in ta firgita tudu ko maɓoya take nema. Mai son fita da ita sai ya saba mata tun tana ƙarama, ya kuma yarda ita ce gaba shi ne baya. Hali zanen dutse.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan 'yan birni ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa da ciwon haukan kare daga kare suke samunsa, kuma cutar na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, da yawansu yara. Mai kare ya yi masa allura, ya riƙe shi da igiya in zai fita. Wanda kare ya ciza kuwa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya garzaya asibiti, domin in alamun cutar suka bayyana, da wuya a tashi. Allah ya kiyashe mu.