Kafin A Ƙara Wa Mota Tsayi

Duk wanda ya taɓa hawan tsaunin Mambila da damina, ya bi ta Serti da Mayo Selbe ya haura zuwa Nguroje da Gembu, ya san cewa inda kwalta ta ƙare nan ake sanin mota. Hanyoyin da suka ratsa zuwa ƙauyuka jar laka ce da duwatsu, kuma manyan motoci sukan bar zurfafan gurabun taya hagu da dama, tsakiyar hanya ta yi tozo kamar kunyar doya. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa sai ta hau tozon nan ta zauna daram, tayoyinta na ta juyawa a banza. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da direbobin wannan yanki suke ƙaunar mota mai tsayi, har wasunsu suka ɗauka cewa kowane inci da aka ƙara mata ƙarin daraja ne.

Abin da ba kowa ke tsayawa ya tambaya ba shi ne ta wace hanya tsayin ya samu. Motoci biyu sukan tsaya kafaɗa da kafaɗa a tasha, tsayinsu ɗaya, amma ɗaya an ɗaga ta bisa ƙa'ida, ɗayar kuwa kyan ɗan maciji ce. Fasinja dai ba ya leƙa ƙarƙashin mota kafin ya shiga. Yakan biya kuɗinsa, ya ɗora buhunsa, ya ba da amanar ransa ga aikin wani mai walda da bai taɓa gani ba.

Ba a gane abin da aka yi wa mota sai an san irin ƙafafun da aka ƙera ta da su. Land Rover ta asali, wadda ta fito a Ingila a 1948, a kan sifirin mai falle-falle take gaba da baya, kuma sai a 1983 ne ƙirar One Ten ta zo da sifirin mai naɗi. Toyota Hilux ta fito a 1968, ta samu jan ƙafa huɗu a 1979, kuma ƙirar da ta yaɗu tun daga 2005 tana da sifirin mai naɗi a gaba, kowace ƙafa na motsi ita kaɗai, a baya kuwa falle-falle ne a kan aksul guda. Kowane irin gini yana da hanyar da ake ɗaga shi, yana kuma da hanyar da ake cutarsa.

Irin wannan Hilux ce wani matashin direba da ke jigila tsakanin Gembu da ƙauyukan kan iyakar Kamaru ya saya hannu na biyu, bayan ya yi shekaru yana tara abin da yake samu a motar wani. Tsayinta ne ya ja hankalinsa. Amma tun makon farko ya lura cewa duk sa'ad da ta faɗa rami sai ya ji ƙara kamar an doka guduma, sitiyari kuma ba ya komawa daidai da kansa bayan kwana. A ganinsa maganin abin shi ne a ƙara mata tsayi, don haka ya kai ta wurin wani dattijon makaniki da ya tsufa a kan gyaran Land Rover.

“Baba, inci biyu nake so a ƙara mata,” in ji shi.

Dattijon ya zaga motar sau ɗaya, ya ce, “Ɗana, a ƙara a kan me? Ka san abin da take tsaye a kai yanzu?”

Direba ya yi shiru. Sai dattijon ya sa aka sauke kayan da ke ciki, aka tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, ya ɗauko tef ɗin awo. Bai auna daga ƙasa ba, gama girman taya da yawan iskar da ke cikinta sukan ruɗi mai awo. Daga tsakiyar cibiyar ƙafa ya auna zuwa bakin bodin da ke bisa tayar, ya yi haka a ƙafafu huɗu, sa'an nan ya je ya auna wata irinta da ba a taɓa ba, wadda ke jiran gyaran birki a gefe. Bambancin ya kai wajen inci uku a gaba. Awo ya nuna yawan tsayin ke nan, saura a san inda ya fito.

Ya fara da duba tsakanin bodi da shasi, watau ƙarfen da ya ɗauki motar baki ɗaya. Akwai masu cusa guntayen ƙarfe ko roba mai tauri a nan su ɗaga bodi kaɗai, kuma alamarsa ita ce a ga rata tana haske tsakanin akori da shasi. Wannan hanya tana ba babbar taya wurin juyawa, amma ba ta nisanta shasi da ƙasa ko da faɗin yatsa. A motar nan bai tarar da haka ba. Da ya haska bisa kan sifirin na gaba sai ga wani zoben ƙarfe mai kauri an ɗora, kuma irin wannan zobe yakan ɗaga gaban mota fiye da kaurinsa, wani lokaci kusan ninki biyu, saboda yadda hannun ƙafar ke aiki kamar magirbi. A baya kuma aka tarar da tubalin ƙarfe an soka tsakanin aksul da sifirin, an ɗaure da dogayen yubol, an kuma sauya ƙarfen lilo na wutsiyar sifirin da wani dogo na walda. Dogon lilo wahalar banza ce, domin in an ƙara masa inci biyu, kimanin inci ɗaya kawai motar ke samu.

Sifirin ɗin kansu na asali ne, sun gaji har sun kusa miƙewa. Shokazoba ma na asali ne. Daga nan ƙarar gudumar ke fitowa, gama an ɗaga mota an bar shokazoba da tsawonta na da, don haka tana tafe kusan a miƙe, da zarar ƙafa ta ɗan sauka sai ta kai maƙura ta buga. Da aka sa jak aka bar ƙafafun baya suna reto, tiyon birki ya ɗaure tamau kamar tsirkiyar baka. Dattijon ya taɓa shi da ɗan yatsa, ya dubi direban, bai ce kome ba. Wanda ya san gangaren da ke tsakanin Maisamari da Mayo Selbe ba ya bukatar a fassara masa wannan kallo.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura da wani abu da masu sha'awar tsayi ke mantawa. Ko an ɗaga mota ta kai rufin soro, tukunyar da ke tsakiyar aksul na baya tana nan inda take, domin a kan tayoyi take zaune, ba a kan sifirin ba. Ita ce kuwa ke fara dukan tozon hanya. Abin da ke ɗaga ta shi ne babbar taya, shi ma rabin abin da aka ƙara: in an bar taya mai inci 31 aka koma mai inci 33, tukunyar ta tashi da inci ɗaya tak. Babbar taya kuma tana da nata haraji, tana rage wa mota ƙarfin hawa, tana ƙara wa birki aiki, tana sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gudun da ake yi.

Haraji mafi tsada shi ne na kifewa. Duk sa'ad da nauyin mota ya yi sama, ƙafafunta kuwa ba su ƙara faɗi ba, to, ta ƙara kusantar faɗuwa a kwana ko a gefen tudu. A 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin ta gwada sabuwar Hilux a gwajin kauce wa dabba ba zato, ƙafafunta biyu suka tashi daga ƙasa, alhali ba wanda ya ƙara mata tsayi, kuma a kan kwalta ne. Ina ga wadda aka ɗora bisa tubalin ƙarfe, aka lafta mata buhunan masara, mutane kuma suka hau bisa buhunan?

Shawarar dattijon ba ta yi wa direban daɗi ba da farko, domin ragi ya ce a yi. A fitar da zobe da tubali da dogon lilo, a sayo sifirin da aka ƙera musamman don ɗagawa, waɗanda ba za su wuce inci biyu bisa tsayin asali ba, tare da shokazoba masu tsawon da ya dace da su. Inci biyu shi ne iyakar da mafi yawan masu wannan sana'a suka yarda irin wannan mota za ta ɗauka ba tare da an shiga sauya hannuwan ƙafa ba. In an zarce haka, shaf ɗin gaba kan yi aiki a karkace, robarsa ta yage, laka ta shiga ta cinye shi, farfela kuma ta soma rawa. Kafin a zaɓi sifirin sai da ya tambaye shi nauyin da yake ɗauka kullum, gama sifirin mai tauri a ƙarƙashin akori marar kaya yakan sa mota tsalle kamar ɗan akuya, mai laushi kuwa a ƙarƙashin lodi sai ya durƙusa.

Kuɗin ya yi yawa, sai da direban ya yi wata biyu yana ƙananan tafiye-tafiye bayan an mai da motar tsayinta na asali. Da kayan suka iso, dattijon ya ƙi mai da tsofaffin yubol, ya ce ƙarfen da ya taɓa miƙewa ba a sake ba shi amana. Ya sa dogon tiyon birki, ya daidaita ɗan bawul ɗin da ke rage wa ƙafafun baya birki gwargwadon lodi, wanda ɗagawa ke ruɗawa har ya ɗauka kullum mota ba kaya. Bai ɗaure notunan robobi ba sai da aka sauke motar ta tsaya da nauyinta. Daga nan aka yi saitin ƙafafu, aka sunkuyar da fitilu don kada su kashe wa mai tahowa ido.

Da aka sake awo, motar ta fi yadda aka sayo ta gajarta da kimanin inci ɗaya a gaba. 'Yan tasha suka yi ta yi wa direban ba'a, wai ya biya kuɗi an rage masa mota. Dattijon kuwa abin da ya ce masa kawai shi ne ya komo bayan tafiya biyu ko uku da lodi, a sake bin notunan yubol ɗaya bayan ɗaya, domin sabon sifirin yakan zauna su yi sako-sako.