Yawon Ɗaukan Hoto A Jos

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, ni sai rabona ya faɗa wata firamare a unguwarmu, Nasarawa Gwom, aka ba ni aji biyar, yara 43. Ran nan muna darasin tarihi na tambaye su, su wa suka taɓa zuwa gidan ajiye kayan tarihi na Jos? Hannu uku kaɗai na gani. Na yi mamaki, gama tafiyar ba ta kai rabin sa'a a keke ba. Da na matsa musu, sai wani yaro ya ce ubansa ya hana shi ƙetare wasu unguwanni. Ban ƙara tambaya ba. Kowa a cikinmu ya san yadda garin nan ya rarrabu tun rikicin 2001, ni ma akwai hanyar da uwata ba ta so in bi.

To, tun da yara ba su iya zuwa, na ce bari in kawo musu garin a takarda. Ran Asabar na ɗauki wayar hannuna, na fita.

Na fara da Taminus, inda babbar kasuwa ta ƙone a 2002, tun ba a haifi yaran nan ba. Na ɗaga waya ke nan sai wani saurayi ya riƙe mini hannu, ya ce, "Wa ya aiko ka?" Kafin in buɗe baki mutane sun fara taruwa, gabana ya faɗi. Ban ga laifinsa ba ƙwarai, domin wurin ya ga tashin bom a 2014, amma a lokacin ban da tsoro ba abin da ke raina. Wani tsoho mai goro ne ya cece ni. Ya ce, "Ɗana, mene ne sana'arka?" Na ce, "Baba, malanta nake koyo, yara zan nuna wa." Ya sa aka sake ni, kana ya nuna mini da sandarsa wajen da rumfarsa take dā. Ya ce in ɗauki nan. Na ɗauka, ko da yake ba abin da ya fito sai fili da inuwar sanda. Tun daga ranar ba na ɗaga waya sai na yi gaisuwa.

Daga nan na wuce gidan tarihi, wanda aka buɗe a 1952 bisa ƙoƙarin wani Bature, Bernard Fagg. A nan ake ajiye kawunan yumɓu na Nok, masu idanu kamar kusurwa uku da huda a tsakiya, waɗanda suka haura shekara 2,000. Wajen haƙar kuza aka fara tono su a 1928. Akwai guda da aka samu wajen Jama'a, wani ma'aikacin kuza ya kafa shi a gonar doyarsa don korar ɓarna, har aka kai wa Fagg a 1943. Sai in faɗi gaskiya, a makarantar mishan da na yi, irin waɗannan gumaka muke ce da su, mu kau da kai. Yaran ajina Musulmi ma haka za su ce. Na daɗe tsaye ina duban kitson da maginin ya yi wa ɗaya, sili-sili, na ga dai mutum ne ya zauna ya dubi ɗan'uwansa da kyau.

Tsohon kan jirgin ƙasa na nan a fili, na ƙaramin dogon da ya taso daga Zariya ya iso Jos a 1914 domin kwasar kuza, aka rufe shi a 1957. Na ɗauke shi sau biyu na wuce.

Abin da ya ci mini yini shi ne filin gine-ginen gargajiya. An kwaikwayi ganuwar Kano da tubali, an kuma gina kwafin masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Ban taɓa shiga masallaci ba sai ran nan, wannan ɗin ma ba a salla a cikinsa, duk da haka sai na ga na tuɓe takalmi a ƙofa ba wanda ya ce in tuɓe. Ciki da sanyi da duhu. Ginshiƙai manya sun tashi, bakan gizo ya fito daga jikinsu ya haɗu a sama ya ɗauki tulluwa, duka kuwa ƙasa ce da azara, ba ƙarfe ba siminti. Wayata ta kasa. Na ɗauki wajen ashirin, duk suka yi baƙi, sai guda da hasken ƙofa ya faɗa kan ginshiƙi. Ku da za ku je, ku je da hantsi.

Na wanke hotuna goma sha biyu da kuɗin abincina na mako, na manna su a kwali. Ran Litinin yara suka yi ca a kai. Jirgin da na raina shi ne ya fi jan maza. Wata yarinya ta ce ƙarya ne, masallacin nan a Zariya yake, kakanta ya yi salla a ciki. Wani kuma ya ce to in a Jos yake, na wa ne, namu ko nasu? Na rasa amsar da ta dace da aji biyar, na ce na duk wanda ya biya kuɗin ƙofa ne. Suka yi dariya. Hoton fili da inuwar sanda kuwa ba wanda ya kula da shi, sai wani yaro shiru-shiru da ya zo bayan an tashi, ya ce uwarsa ta sayar da atamfa a kasuwar nan, ko zan ba shi aro ya kai mata? Na ɓamɓare na ba shi.

Hedimasta ya yarda in kai su da kansu, in iyaye sun sa hannu. Na raba takardu 43. Har ran da nake rubuta wannan 11 ne suka dawo, gwajin koyarwata kuwa saura mako biyu ya ƙare.