Zane Kafin Yankan Ƙarfe

A cikin shekarar 1832 waɗansu jiragen ruwa biyu masu tafiya da tururi suka taso daga Libaful ta ƙasar Ingila, suka shigo kogin Kwara. Sunan ɗaya Kwara, ɗayan kuwa Albarka, sunan da aka ara daga bakin mutanen ƙasarmu. Shi Albarka da ƙarfe aka ƙera shi. A 1929 kuma aka kai hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda, jiragen lokacin nan su ma tururi ke jan su. To, duk waɗannan injuna sai da aka zana su a takarda, aka auna kowane ƙusa, kana maƙera suka hura wuta.

Ni aikina rubutu ne da ajiyar takardu, na kuwa lura abin da ba a rubuta ba mutuwa ya ke yi tare da mai shi. Maƙeranmu na Funtuwa da Malumfashi suna da basira ƙwarai, suna haɗa injin casar masara da garmar shanu, amma yawancinsu awon yana cikin ka. Akwai wani saurayi maƙwabcina mai walda, wanda ya ƙwallafa rai sai ya ƙera ɗan jirgin tururi ya sa shi a dam ɗin Mairuwa. Sau uku yana yanka falle guda na ƙarfe bai dace ba, ga shi kuɗin ƙarfe ba wasa ba ne.

Maganin wannan shi ne zane da kwamfuta. Watau mutum ya fitar da siffar abin a kan allo, ya juya ta ko'ina, ya ga inda bututu zai shiga da inda ƙafa za ta gogi wani abu, tun bai taɓa almakashi ba. Manhajar AutoCAD, wadda ta fito a 1982, sai an biya kuɗi mai yawa. Amma akwai FreeCAD da LibreCAD, kyauta a ke ba da su, in an sauke su sau ɗaya suna aiki ko ba intanet. LibreCAD ta zanen shimfiɗe ce kamar na takarda, FreeCAD kuwa tana nuna tsawo da faɗi da kauri. Samari biyar suna iya haɗa kuɗi su sayi tsohuwar kwamfuta guda, su riƙa karɓa-karɓa.

Sai dai fa a yi hattara. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura wajen ninki 1,700, tukunyar da ta yi rauni kuwa in ta fashe kisa ta ke yi. Kyawun zane ba ya ƙara wa walda ƙarfi. Wajibi ne a sa wa tukunya mafitar da za ta buɗe da kanta in tururi ya yi yawa, a kuma gwada ta da ruwan sanyi, a matsa shi da famfo fiye da yadda za a yi aiki da ita. In akwai rauni, ruwa sai ya tsiyaye kurum, ba ya tarwatsa ƙarfe. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa da kuka yi yaƙi da jahilci, wanda ya iya karanta lamba ya kama hanyar karanta zane. Ku ƙarfafa wa 'ya'yanku gwiwa su koya, su ajiye awon kowane abin da suka ƙera, domin na baya su tarar. Allah ya sa mu dace, amin.