Gemu ba ya hana ilimi: yadda na shiga tseren iyo da keke da gudu a birnin Nis

Jama'a masu karatu, Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Labarin da zan ba ku a wannan mako na wata tafiya ce da aikin gwamnati ya kai ni ƙasar Faransa, ƙaro ilimi na wata tara a birnin Nis. Abin da aka aike ni koyo na koyo shi, takardarsa ma tana rataye a biro. To amma akwai wani karatu da na yi a can wanda ba ya cikin takardar aike, shi ne kuma nake jin zai fi yi wa ƴan kasuwa da ma'aikata irina amfani.

Kafin in bar Maraɗi sai da na je awon lafiya, kamar yadda aka saba. Lokotoro ya ɗaura mini abin awo a damtse, ya dubi allura, ya dubi tumbina, sannan ya tambaye ni abin da ya yi ajalin mahaifina. Na ce shanyewar ɓarin jiki, bai kuma cika shekara sittin ba. Ya ce: "Malam, jininka ya hau. Daga kujerar mota zuwa ta biro, daga nan zuwa tabarmar hira, ina jinin nan zai bi ya sauka?" Ina da shekara 46 a lokacin, ƙaramar ɗiyata kuwa ko lakkol ba ta shiga ba. Da wannan magana a zuci na hau jirgi a Yamai.

Birnin Nis yana kudu maso gabashin Faransa, a bakin tekun Bahar Rum, kimanin kilomita 30 daga iyakar Italiya, shi ne kuma na biyar a ƙasar wajen yawan jama'a. Sai a shekara ta 1860 ya shiga hannun Faransa, kafin nan sarkin Sardiniya ke mulkinsa. Shi ya sa tsohon gari, da matsattsun lungunansa da gidajensa masu launin jar ƙasa, ya fi kama da Italiya. A kasuwarsa ana toya wata faffaɗar waina ta garin wake mai suna soka, a barbaɗa mata masoro, wadda in ka ci da zafinta sai ta tuna maka da ƙosai. Amma abin da birnin ke taƙama da shi wani titi ne da ya bi bakin teku har tsawon kilomita 7, wanda suke kira Promenade des Anglais, wato wurin shan iskar Turawan Ingila. Attajiran Ingila masu gudun sanyin ƙasarsu ne suka tara kuɗi aka fara share shi a farkon shekarun 1820, domin matalautan garin su sami aikin yi. Bakin ruwan babu yashi, duwatsu ne mulmulallu kamar curin dawo, waɗanda koguna suka gangaro da su daga tsaunuka.

A kan wannan titi na fara takawa kowace safiya bayan asuba, da jallabiyata, saboda maganar lokotoro. Abin da na gani ya ɗaure mini kai. Tsofaffi masu furfura, maza da mata, suna tafiya a kan duwatsun nan ba takalmi, su faɗa teku kamar agwagi. Wasu na kan keke, wasu na gudu, an kuma ce mini cikinsu akwai alƙalai da likitoci da masu manyan kantuna. Babu mai kallon wani, balle ya ce dattijo ya zubar da girma.

Wani abokin karatuna Bafaranshe ne ya bayyana mini cewa da yawansu shirin wata gasa suke, mai suna tiriyatalon, wato tsere uku a haɗe: iyo, sannan keke, sannan gudu, ba hutu a tsakani, agogo kuma ba ya tsayawa ko lokacin da mutum ke sauya takalmi. An fara ta a siffarta ta yau a San Diyego ta Amurka cikin 1974, da mutum 46. A 1978 aka yi mai tsananin a tsibiran Hawayi, iyon kilomita 3,8 da keken kilomita 180 da gudun kilomita 42, mutum 15 suka tashi, 12 suka kai. Birnin Nis ya karɓi tasa a 1982, inda wani Ba'amurke, Mak Alen, ya ci har sau goma, shi ya sa mutanen garin ke ɗaukar wasan kamar gadon gidansu. A shekara ta 2000 kuma ya shiga wasannin Olamfik a Sidni. Abokin nawa ya ce akwai ƙaramar gasa ta sababbin shiga a ƙarshen zamana: iyon mita 750, keken kilomita 20, gudun kilomita 5. Ya ce in shiga. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Dalilin dariyata kuwa, ni ɗan tudu ne. Gulbin Maraɗi ba ya kawo ruwa sai da damina, in ya kawo kuma iyayenmu mata ba sa barinmu mu kusance shi. Kakata ta ga ambaliyar 1945, wadda ta sa aka tashi garin daga fadama zuwa tudu, har ta koma ga Allah ba ta amince da ruwa mai tafiya ba. Tafkin Madarunfa ma daga nesa nake gaishe shi. Keke na iya tun ina yaro, gudu kuwa rabona da shi tun ina kolej. Amma iyo, ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Duk da haka na bi shi zuwa tafkin wanka na unguwa, irin na siminti mai rufi. Aka sa ni a ɓangaren da ba zurfi, tare da yara ƴan shekara bakwai, aka ba ni wani allon roba in riƙe ina wutsil-wutsil da ƙafa. Ni da nake da ma'aikata tara a ƙarƙashina, ni da ake miƙe wa tsaye in na shiga biro! Wallahi kunyar da na ji ta fi tsoron ruwan. Mai koya mana wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar lakkol, wadda ta haura shekara sittin da biyar. Ta lura ina waige-waige, sai ta ce: "Mushe, babu mai kallonka, kowa ta numfashinsa yake." Na ce: "Madam, a ƙasarmu babban mutum ba ya koyon abu a gaban yara." Ta ce: "To a gaban wa yake koyo?" Har yau ban sami amsar da zan ba ta ba.

Sau uku a mako nake zuwa, wata shida cur. Ta koya mini fitar da numfashi cikin ruwa, in juya kai gefe in shaƙi iska, domin sabon shiga ba gajiyar hannu ke kayar da shi ba, riƙe numfashi ne. Da na biya kuɗin rajista, yuro 40, wato jika 26 da ƴan kai, sai na buga wa yayana waya, wanda ke sayar da atamfa a babbar kasuwa. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ƙanena, gwamnati karatu ta tura ka ko tsere? In ka nutse a ruwan Nasara, me zan gaya wa Inna?" Na ce: "Yaya, ka ce mata maganin hawan jini na je sha." Ya ce Allah ya shirye ni.

Ranar gasa, wata Lahadi cikin Satumba, na isa tun rana ba ta fito ba. An killace wani fili a bakin titi, kekuna rataye a jere, kowa da lambarsa, takalminsa da hularsa a ƙasa. Aka ɗaura mana wani ɗan maɗauri a idon sawu mai ƙidaya lokaci. Na sa rigar roba ta aro, mai tsare sanyi da taimaka wa jiki ya taso, wadda ta matse ni kamar an ɗaure buhu. Na koma can baya, kamar yadda aka ba ni shawara, domin na gaba harbin juna suke da ƙafa ba da gangan ba.

Da aka busa ƙaho muka gangara. Tekun Nis ba ya yi wa baƙo sannu da zuwa: taku kaɗan, ƙasa ta ɓace. A tafkin unguwa akwai baƙin layi a ƙasa da mutum ke bi, a nan kuwa shuɗi ne kawai har iyakar gani. Ban yi mita ɗari ba igiyar ruwa ta mare ni a baki, na haɗiyi gishiri, ƙirjina ya kulle, na manta duk abin da aka koya mini. Na tuna kakata, na tuna ɗiyata. Wani saurayi cikin ƴan kwale-kwalen tsaro ya matso yana tambaya ko a fitar da ni, da na ɗaga hannu da shi ke nan. Sai na tuna maganar Madam, cewa in tsoro ya zo in kwanta rigingine in dubi sama, domin ruwan gishiri ya fi na daɗi ɗaukar jiki. Na kwanta. Na ga sama, na ga tsaunuka a bayan gari, na ga wani jirgi yana sauka a filin da ke ƙarshen titi. Na ƙidaya numfashi ashirin, na juya, na ci gaba, ina ɗaga kai lokaci-lokaci in nemi babbar balan-balan ɗin da za mu kewaya. Da na fito, kekuna huɗu ne suka rage a filin.

Saboda ruɗewa na fizgo kekena tun ban sa hular kwano ba. Alƙalin wasa ya busa usur, ya sa na mayar da shi, na ɗaure hula, sannan na ɗauka, domin dokar ke nan ga babba da yaro. Keken ne ya dawo mini da hankalina. Hanya ta bi bakin teku wajen yamma, itatuwa masu kama da dabino a jere, manyan otal-otal a hannun dama, iska tana busar da gishirin fuskata. A nan ɗan Maraɗi ya tuna zamanin da ake aikensa da keke cikin yashi, har na wuce mutum biyar.

Gudun ne ya karɓi sauran bashin. Duk wanda ya sauka daga keke ya ce zai ruga, zai ji ƙafafunsa kamar na aro, domin naman cinya ya saba da juya feda, sai an ɗan jima yake yarda da taku. Na yi sassarfa, na yi tafiya, na koma sassarfa. A kan titin nan ne, ranar 14 ga Yuli 2016, wani ya bi ta kan jama'a da babbar mota ya kashe mutum 86, amma mutanen garin ba su bar wa tsoro titinsu ba. Ga su nan tsaye a gefe, ba su san ni ba, suna kiran lambata suna tafi. Wanda ya zo na ɗaya ya gama cikin kusan awa guda, ya yi wanka, ya dawo yana kallo. Ni sai da na haura awa biyu, mutum biyu kacal a bayana. Amma tafin da aka yi mana, mu ƴan ƙarshe, bai gaza nasa ba, lambar da aka rataya mini a wuya kuma irin ta kowa ce. Madam tana bakin layi, ta ce: "Mushe, yau a gaban gari duka ka koya."

A lokacin na tuna da Hamadu Jibo Isaka, ɗan ƙasarmu da ya tuƙa kwale-kwale a wasannin Olamfik na Landan a 2012 bayan koyon wata uku kacal. Shi ne ya zo na ƙarshe, ƴan kallo suka yi ta yi masa tafi, mu kuwa a majalisar shayi muka yi ta yi masa dariya, har da ni. Mu mutanen kokowa ne. Tun 1975 da aka fara gasar ƙasa a Tawa, mun saba da cewa ɗaya ke ɗaukar takobi, ɗaya kuma ya sha ƙasa. Wannan gado ne mai kyau, to amma ya sa muna ganin duk wanda ba zai ci ba, bai kamata ya shiga fili ba. Da haka mutum ke kai shekara arba'in ya daina koyon duk abin da zai sa a ga kasawarsa, ko da kuwa ransa ne a ciki. Girman kai, in ji magabata, rawanin tsiya.

Yanzu na dawo gida. Teku babu, amma keke yana nan, hanya ma tana nan. Bayan asuba nakan sa wando mai rufe gwiwa in fita. Makon farko wani maƙwabcina ya tare ni yana tambaya ko lafiya, ko ɓarawo na biyo. Yau mu huɗu ne, cikinmu har da yayana, wanda ke tafiya a baya yana haki yana cewa shi rakiya kawai ya yo. Da na koma awo, lokotoro ya dubi allura sau biyu, ya rage mini ƙwaya, ya ce kada in kuskura in daina.

Alhaji mai kanti, da kai maigida na biro, ban ce ku je Nis ku faɗa teku ba. Ku dai je a auna jininku, ku ji shawarar lokotoro, sannan ku nemi takalmi mai taushi. Za a yi muku dariya kwana bakwai, a na takwas wani zai tambaye ku ƙarfe nawa kuke fita. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.