Dirku, inda ake yi wa jirgin sama dabaibayi

Dirku gari ne na ƙasar Kawar, cikin jihar Agadas, kimanin kilomita 45 arewa da Bilma. Daga Agadas zuwa can tafiya ce ta sama da kilomita 500 cikin Tenere, babu kwalta, babu inuwa. Gabas da garin, dogon dutsen Kawar ne ya miƙe daga kudu zuwa arewa. A gindinsa ruwa yana kusa, shi ya sa dabino ya samu wurin zama, Barebari da Tubawa kuma suka kafa garuruwansu. Fatake masu bin hanyar Libiya sun san Dirku sarai, domin nan ake ya da zango kafin a doshi Madama.

A gefen garin akwai filin jirgi da barikin soja. Jirgin sama mai saukar angulu ba baƙo ba ne a nan: ya zo tare da masu tseren motoci na Pari-Dakar cikin shekarun 1980, ya kuma riƙa ratsa sararin Kawar bayan da sojojin Faransa suka kafa sansani a Madama a 2014, kafin su bar Nijar a ƙarshen 2023. Amfaninsa a fili yake: ɗaukar marar lafiya, da neman motar da ta ɓace cikin rairayi. To amma abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, a wuri irin wannan jirgin yana iya lalacewa alhali yana tsaye a ƙasa.

Abokin gaba na farko ita ce iska, wadda take busowa daga arewa maso gabas yawancin shekara. Fukafukan da suke bisa kan jirgin dogaye ne, kuma suna lanƙwasa. Na ƙaramin jirgi suna share fili mai faɗin sama da mita 10, na babban jirgin Rasha Mi-17 kuwa mita 21. In iska ta shiga ƙarƙashinsu sai ta riƙa ɗaga su tana makawa, har mahaɗarsu ta samu rauni, ko fiffike ya bugi wutsiya. Saboda haka matuƙi yakan sauka hancin jirgi yana fuskantar iska. Da fukafukan sun tsaya, sai makaniki ya zura wa bakin kowanensu wata ƴar jaka mai igiya, ya ɗaure ta a jikin jirgin. Ɗaurin yana da ƙa'ida: in ya yi sako-sako bai yi amfani ba, in ya yi tsanani fiffike ya tanƙware. Ƙaramar farfelar wutsiya ita ma kulle ta ake yi. Mai ƙafafun taya a sa masa waigi; in ana tsoron guguwa, a kafa turaku, ko a binne wani abu mai nauyi cikin rairayi a ɗaure jirgin da shi. Duk wanda ya ga yadda madugun ayarin gishiri yake sa a yi wa raƙuma dabaibayi da almuru zai gane wannan aiki.

Na biyu shi ne rairayi. Injin jirgin yana shaƙar iska mai yawa, ƙurar da ta kwana a bakinsa kuwa ita zai fara haɗiya da safe, ta riƙa cin ƙarfensa kamar magagari. Don haka ake toshe bakin da mafitar hayaƙi bayan sun huce, a rufe ƴar tsinkar da take auna gudu. Kowane marfi yana da jan ƙyalle, don kada a manta da shi. Gilashin gaba na roba ne. Ba a goge shi a bushe, sai an kwarara masa ruwa, in ba haka ba ya ƙarje, matuƙi ya kasa gani in ya fuskanci rana.

Na uku shi ne sauyin zafi da sanyi. Da bazara zafin Kawar yana wuce digiri 40, da dari kuwa dare yana kusantar sifili. Tankin da ya kwana rabi yana tara raɓa a ciki, shi ya sa ake cika shi da maraice, da safe kuma a tsiyayi man kaɗan a duba ko akwai ruwa. Wajen zuba mai, dole a haɗa jirgin da ƙasa da waya, domin busasshiyar iska tana tara lantarkin da ƙyastawarsa ɗaya ta isa ta tada gobara. Bayan wannan duka sai a sa mai gadi, saboda yara da awaki da masu dogon hannu.

Kafin tashi, makaniki yakan zagaya jirgin, ya kwance igiyoyi, ya ƙirga marafan ɗaya bayan ɗaya. Yamai tana nesa da Dirku da kusan kilomita 1300 a miƙe, kayan gyara kuma sau da yawa daga waje suke zuwa. Fiffike ɗaya in ya lalace, jirgi ya zauna kwanaki, wanda motarsa ta mutu a Tenere kuwa ruwansa ba ya jiran kwanaki. Ma'aikacin da aka damƙa wa dukiyar ƙasa da ɗan kasuwa mai kaya a hanya sun san maganar: tsaron kaya ya fi ban cigiya.