Kiɗan Masu Bugu a Soronmu

Daren Alhamis ne, bayan isha'i, a soron gidanmu da ke Yakasai. An ɗauke wuta tun magariba, sanyin hunturu yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, sai muka ja tabarma can ciki muka kewaye butar shayi. Mu huɗu ne kamar kullum: ni, da abokina mai zane da muka yi makarantar allo tare, da Yaya wanda ya daɗe yana haɗa kiɗa a situdiyoyin Zoo Road, sai autanmu, ɗan maƙwabta da waya ba ta barin hannunsa.

Mai zane ne ya ɗauko zancen, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce akwai abin da ya yi wata uku yana ɓoye mana. Ya miƙo wayarsa, sai ga hotunan marinar Ƙofar Mata guda goma sha biyu da ya zana da Krita a tsohuwar kwamfutar ƙanensa: dattijo ya sunkuya bakin rami, hannayensa sun rine har gwiwar hannu, zane yana ɗigar baba, ga allon nan na bakin ƙofa mai ɗauke da shekarar 1498. Muka yi shiru muna kallo. Burinsa ya haɗa su su zama ɗan fim na minti biyar mai sauti, amma da ya je tambayar kuɗin kiɗa, abin da aka yanka masa ya fi ƙarfinsa.

"Shi ne ka tsallake ni ka tafi wani wuri?" in ji Yaya.

"Yaya, kunya na ji. Sana'arka ce, da ita kake ciyar da gida."

Yaya ya kurɓi shayi ya gyara zama. Ya ce mu da muka taso yanzu ba mu san arhar da muka samu ba. Lokacin da 'yan Tumbin Giwa suka fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, ko a mafarki matashin cikin gari bai sa ran zai haɗa kiɗa a ɗakinsa ba. Da fiyanon Yamaha ta shigo situdiyo irin na Iyan-Tama, sai mawaƙa suka riƙa bin layi, domin a nan kaɗai ake samunta. Da irin wannan fiyano aka yi kiɗan fim ɗin Sangaya, wanda ya cika gari har ba gidan bikin da ba a sa shi ba. In an gama, a kai kasuwar Ƙofar Wambai, 'yan kasuwa su buga kaset su rarraba. Duk hanyar nan, in ji shi, kowane mataki sai ka nemi alfarmar wani mai kuɗi. Daga baya masu turi suka zo, ana loda waƙa ɗari a memori da kuɗin da bai kai na kaset ɗaya ba, kasuwar ta watse. Yau kuma ga situdiyo sukutum a aljihun yaro.

Autanmu kamar jira yake. Ya buɗe BandLab, manhajar wani kamfanin Singafo da ake saukewa kyauta, ya nuna mana yadda mutum zai ɗora murya a nan Yakasai, wani ya ɗora sarewa daga Zariya, na uku ya gyara daga Maraɗi, duk a kan aiki ɗaya, kowa a layinsa. Ya ce shi da wani yaro ɗan Damagaram sun yi waƙa biyu haka, ba su taɓa haɗuwa ba.

A nan ne na faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai, kuma a soron nan kaɗai zan iya faɗarsa. Shekara huɗu na yi ina aiki da FL Studio na sata, irin wanda yara ke kira kirak, wanda ake zuba maka a kwamfuta da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kusan dukkanmu da shi muka koya, ba na musu. Amma duk ranar da na tashi ina kukan an sace mini waƙa, sai zuciyata ta tuna mini cewa ita ma manhajar wasu mutane ne a Beljiyam suka zauna suka gina ta, guminsu ne. Ƙarshenta kwafin satar ya shigo mini da cuta a kwamfuta, aikin wata shida ya tafi a dare ɗaya. Na yi kuka sosai, kuma na san haƙƙi ne.

Yaya bai yi mini dariya ba. Ya ce uzurin talauci gaskiya ne, domin mafi arhar FL Studio na halas ya kai dala 99, kuma tun da dala ta haura naira 1,500 a 2024 wannan ya zama kuɗin buhunan abinci. Sai dai uzurin ya rage ƙarfi. Audacity kyauta ce tun shekarar 2000, tana ɗaukar murya, tana yanka, tana share ƙarar janareton maƙwabta. Reaper kuma dala 60 ce ga ƙaramin mai sana'a, suna ba ka kwana 60 ka gwada. Shi da kansa da ita yake aiki yanzu, bayan sun yi adashe su uku kowa ya sayi tasa a zagayensa. Wannan adashen ya burge ni ƙwarai. Iyayenmu mata da shi suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, me zai hana mu sayi kayan aiki da shi?

Sai hirar ta koma inda take da nauyi. Mai zane ya ce, to, in mun yi aikin tare, na wane ne? Yaya ya daɗe bai amsa ba. Ya ba mu labarin wani kiɗa da ya tura wa wani mawaƙi ta WhatsApp don ya ji kawai. Bayan wata biyu ya ji shi a gidan biki da muryar wani, daga wani situdiyo, ba sunansa ba ko sisinsa. Ba kuɗin ne ya fi ƙona masa rai ba, in ji shi. Shi da mawaƙin sun ci tuwo a kwano ɗaya. Tun daga ranar ya daina ba kowa komai, ya ƙulle kiɗa sama da hamsin a kwamfuta, ba mai ji. Ya ce wannan ma asara ce, kuma ya gaji da ita.

Ni ra'ayina, kuma na faɗa musu, ba rashin kayan aiki ke kashe haɗin gwiwa a garin nan ba yanzu. Kunyar maganar rabo ce. Muna ganin in ka ce wa aboki a rubuta, ka zarge shi ke nan. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 tana nan, amma wa zai kai amininsa kotu? Takarda ɗaya da aka rubuta tun ana dariya ta fi. Autanmu ya ƙara da cewa akwai lasisin Creative Commons, inda mai kiɗa ke bayyanawa tun farko: ku ɗauka ku yi amfani, amma ku ambaci sunana, kuma kada a yi kasuwanci da shi sai da izinina. Yaya ya sa aka maimaita masa sau biyu. Ya ce in haka ne, zai saki goma daga cikin na ƙulle, ɗaliban fim da masu zane su samu.

"To wane kiɗa za mu sa wa marinar?" in ji mai zane. "Fiyano?"

Yaya ya girgiza kai. Ya ce kalangun da ke cikin fiyano bai taɓa yin magana ba, ba ya matsuwa a hammata balle ya kira sunan mutum. Sannan ya tambaye mu ko mun taɓa tsayawa mun saurari masu bugu. Mutum biyu ko uku a zaune gaban gungumen ice, kowa da katakonsa, suna dukan shadda har ta yi ƙyalli, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, ba mai shiga hannun wani. Tun muna yara muke wuce su a lungu, ban taɓa jin sa a matsayin kiɗa ba sai daren nan. Yaya ya ce shi zai zama ƙashin bayan sautin. A kansa a ɗora motsin ruwan baba in ana tsoma zane, da hayaniyar kasuwar Kurmi daga nesa, sai kalangu na gaske daga hannun wani dattijo da ya sani a Jakara. Kuma za a nemi izinin masu bugun da marinan, a sallame su, a rubuta sunayensu a ƙarshen fim daidai da namu. A kan wannan ba wanda ya ja.

Yaya ya gargaɗi autanmu, wanda zai ɗauki sautin da wayarsa, da abu biyu: ya rufe bakin wayar da safa mai tsabta saboda iskar hunturu, kuma kada ya turo sautin a matsayin saƙon murya, domin WhatsApp matse shi take yi ya rasa armashi. Ya turo shi a matsayin fayil, kowane sauti daban.

Na yago takarda daga littafin lissafin shagona. Da hasken waya na rubuta sunayenmu huɗu da aikin kowa, da kason da za a ware wa dattawan in Allah ya kawo wani abu. Mai zane ya sa hannu, hannunsa na ɗan rawa. Yaya ya karanta har ƙasa, ya gyara kalma ɗaya, ya sa nasa. Ana cikin haka aka kawo wuta, yaran unguwa suka sa ihu a waje, autanmu ya tashi da gudu ya jona waya a caji. Muka tsayar da Asabar, ƙarfe takwas na safe, a bakin Ƙofar Mata, kafin masu adaidaita sahu su cika titin da ƙara.